Audugar al'ada ba ta ruɓewa kamar yadda ake zato

Mata da yawa kan jefa audugar al'ada a masai ko su binne ta, a zatonsu ƙasa za ta cinye. Ina! Yawancin na kasuwa, shimfiɗar sama da ta ƙasa roba ce, a tsakiya kuma akwai sinadarin da ke tsotse jini ya kumbura. Shi ya sa take toshe magudanai, ta shekara da shekaru tana nan.

Mai ruɓewa da gaske daga tsiro ake yin ta. A Indiya, kamfanin Saathi na yin irin wannan auduga da zaren kututturen ayaba, wanda manoma kan sare su yar bayan girbi tunda sau ɗaya yake haihuwa. Sai dai ita ma wannan audugar tana buƙatar danshi da iska kafin ta ruɓe. In aka ƙulle ta cikin leda kafin a jefar, aikin banza aka yi.