Buga Hoto da Firintar Feshin Tawada

Buga hoto da firintar feshin tawada hanya ce ta fitar da hoton da ke cikin kyamara, waya ko kwamfuta zuwa kan kati, inda na'ura ke fesa ƙananan ɗigon tawada masu launi daban-daban a kan takarda ba tare da kan feshin, wato ɓangaren da tawada ke fitowa, ya taɓa ta ba. Ɗigon sun yi ƙanƙantar da ido ba ya iya rarrabe su, sai ya haɗa su wuri guda ya ga fuska da sutura. Da irin wannan firinta ɗimbin ƙananan gidajen hoto da masu hoton fasfo ke wanke hoto a yau, kuma da manyanta ake buga hotunan da ake ratayewa a ɗakunan baje koli. Kyan abin da za ta fitar ya rataya ne a kan hasken da aka ɗauki hoton da shi, da dacewar tawada da takarda, fiye da tsadar kyamara.

Tarihi

A shekarar 1977 wani injiniyan kamfanin Canon a Japan, Ichiro Endo, ya gano cewa zafi na iya tunkuɗo tawada ta cikin siririn bututu. Ma'aikatan HP a Amurka su ma sun cimma wannan dabara a nasu ɓangaren a ƙarshen shekarun 1970, suka fitar da ThinkJet a 1984, sannan DeskJet a 1988. Waɗannan duk na buga rubutu ne. Hoto ya shigo sosai da Epson Stylus Color a 1994, wadda ke ajiye ɗigo 720 a kowane inci, daga baya kuma aka yi masu tawada shida. A 2010 Epson ta fara sayar da firinta mai tankin tawada a Indunisiya, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba maimakon sayen ƙaramin kwanso mai tsada duk bayan ɗan lokaci. Wannan sauyi ya rage kuɗin buga kati ɗaya ƙwarai, shi ya sa samfura irin su L800, L805 da L1800 suka bazu a ƙananan shagunan hoto.

Yadda take feshi

Dabaru biyu ne suka mamaye kasuwa. Canon da HP suna amfani da zafi: a bayan kowace ƙofar feshi akwai ɗan mitsitsin ƙarfe da wuta ke gasawa zuwa kusan digiri 300 cikin ƙiftawar ido, sai tawadar ta yi kumfa, kumfar ta harbo ɗigo waje. Epson kuwa ba ta dafa tawada. Tana amfani da wani sinadari mai suna fiyezo wanda ke lanƙwashewa idan wuta ta ratsa shi, sai ya matso ɗigon. Mafi ƙanƙantar ɗigo a firintocin hoto yana tsakanin fikolita 1 da 4, fikolita kuwa kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na lita. Ga mai saye, bambancin da ya fi shafarsa shi ne wannan: a yawancin firintocin Canon mutum na iya cire kan feshin ya sa sabo da hannunsa, na Epson kuwa a kafe yake, yana daɗewa, amma idan ya mutu sai an kai wa mai gyara.

Tawada

Tawadar hoto iri biyu ce. Ta farko tawadar rini, wadda launinta ke narke a ruwa, tana shiga jikin takarda kamar yadda baba ke kama zare a marina. Launinta na da kaifi, tana da araha, kuma a kan kati mai ƙyalli babu kamarta. Rauninta shi ne rana da iska. Hasken rana da iskar ozon suna cinye launin a hankali, har hoton da aka manna a bango babu gilashi ya koɗe ya koma ja-ja ko kore-kore. Ta biyu tawadar gari ce, wadda launinta ƙananan ƙwayoyi ne da ke yawo a ruwan ba su narke ba, suna zama a saman takarda. Ta fi jure rana da danshi nesa ba kusa ba, ita ake zaɓa don hoton da ake son jikoki su gani. Sai dai tana da tsada, ta fi saurin toshe ƙofofin feshi, kuma a kan kati mai ƙyalli wani lokaci takan yi wani sheƙi mai ruwan tagulla idan an karkata katin.

Firintar ofis tawada huɗu gare ta: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Ta hoto tana ƙara shuɗi da ja masu sauƙin launi, su zama shida. Amfaninsu a fuska yake bayyana, domin a wuraren da launi ke da laushi, kamar goshi da kumatu, firinta mai huɗu sai ta warwatsa ɗigo masu duhu nesa da juna, har a ga tsaki-tsaki. Manyan firintoci na ƙara toka-toka iri biyu ko uku, kuma wanda ke son hoto baƙi da fari mai tsafta, wanda bai karkata zuwa kore ba, waɗannan yake buƙata.

Tawadar da ba ta kamfanin firintar ba tana cike da kasuwa, wata ma a kwalba mai kama da ta asali. Akwai mai dama-dama a ciki. Amma hoton biki da aka karɓi kuɗin mutane a kansa bai cancanci a yi gwaji da shi ba, domin ranar da zai koɗe mai hoton ba ya nan.

Takarda

Takardar rubutu tana shanye tawada ta baza ta, shi ya sa hoto ke fita a dushe. Katin hoto yana da shafe na musamman a fuskarsa da ke riƙe ɗigo a inda ya sauka. Akwai mai ƙyalli, akwai mai ɗan ƙyalli wadda ba ta nuna sawun yatsa, ita ce ta fi dacewa da albam, akwai marar ƙyalli, akwai kuma ta auduga da ake buga hotunan baje koli a kai. Nauyi ana auna shi da giram a kowane murabba'in mita: 180 ta yi sirantaka, 230 zuwa 260 ita ke da jikin hoto a hannu. Dole a gaya wa firinta irin takardar da aka sa mata, domin da wannan take sanin yawan tawadar da za ta zuba.

Girma da yankewa

Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce fiksel 300, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka yi hoton dijital, a kowane inci na kati. Hoto mai inci 4 da 6 yana son fiksel 1200 da 1800, wato megafiksel (fiksel miliyan ɗaya) 2 da ɗoriya. Takardar A4 tana son 2480 da 3508, kusan megafiksel 9. Ke nan kusan kowace kyamara ta zamani ta wadatar. Inda ake faɗuwa shi ne hoton da ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto, domin manhajar na matse shi ta rage girmansa. A turo shi a matsayin fayil, ko a ciro shi daga katin kyamara.

Siffar kati ma abin lura ce. Babbar kyamara na ɗaukar hoto a kan 3 da 2, wato tsawo kashi 3 faɗi kashi 2, daidai da kati mai inci 4 da 6, waya kuwa galibi 4 da 3. Kati mai inci 8 da 10 ya fi su kusa da murabba'i, don haka sai an yanke gefe. Wanda ya cika hoto da mutane har baki, ranar bugawa zai ga an datse ƙwanƙolin hular ango ko ɗaurin ɗankwalin amarya. A bar sarari a sama da gefe tun wajen ɗauka.

Haske tun wajen ɗauka

Nan ne aka fi yin asara. Allon kwamfuta yana fitar da haskensa, farinsa na iya ninka baƙinsa sau dubu. Takarda kuwa hasken ɗaki take mayarwa, da wuya mai ƙyalli ta wuce ninki ɗari biyu zuwa uku, marar ƙyalli ba ta ma kai haka ba. Duk inuwar da ke da ɗan bayani a allo tana iya zama baƙi ƙirin a kati, kuma firinta ba ta ƙirƙiro abin da haske bai kai ba.

Matsalar ta fi tsanani idan baƙin mutum ya sa farar babbar riga, wanda kuwa shi ne hoton sallah da ɗaurin aure a ƙasar Hausa. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne a kan cewa duk abin da ke gabansa matsakaicin toka ne. Da ya ga farar shadda ta cika hoto sai ya rage haske, rigar ta yi toka-toka, fuska ta nutse. Idan aka ƙara haske barkatai kuma, fuska ta fito, aikin wuyan rigar ya ƙone. Tun zamanin fim ake fama da wannan: katin gwajin launi da Kodak ta riƙa raba wa ɗakunan wanke hoto tun shekarun 1950 hoton farar mace ne, da fatarta ake saita na'ura. Maganin ba a kwamfuta yake ba. A kai haske ga fuska ita kanta, a ɗaga fitila ta haska daga ƙirji zuwa sama, a sa faifan mayar da haske ko farin kwali a gefen da ke da inuwa, sannan a duba jadawalin haske a bayan kyamara, wato zanen da ke nuna yawan duhu da haske a hoto, a tabbata farin bai kai ƙarshen zanen ba. Ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, yana ba da damar ceto abin da JPEG, matsattsen fayil da aka saba da shi, ya riga ya zubar.

Laushin haske daga girman fitila yake, gwargwadon kusancinta da mutum. Ƙaramar filashar da ke kan kyamara tana barin farin tabo a goshi da hanci da baƙar inuwa a bango. Idan aka harba ta cikin laima, ko akwatin tausasa haske, ko farin silin, sai hasken ya faɗaɗa. Baƙar fata tana da sheƙi na halitta, kuma faffaɗan haske daga gefe shi ke shimfiɗa wannan sheƙi ya zana siffar fuska da kyau. Wanda ba shi da fitila ya tsayar da mutum kusa da babbar taga, ko a bakin zaure inda inuwa ta fara. Rana tsaka kuwa tana zuba duhu a kwarmin ido.

Haske na raguwa da sauri gwargwadon nisa: idan nisa ya ninka, kashi ɗaya cikin huɗu ya rage. A hoton taro, idan fitila na mita 1 daga sahun gaba, na baya da ke mita 2 rubu'in hasken za su samu. A ja ta baya zuwa mita 4, na baya suna mita 5, sai su samu kusan kashi biyu cikin uku, kowa ya fito.

Launin haske ana auna shi da Kelbin. Ƙwan fitila mai zare yana wajen 2700 zuwa 3200, ruwan ɗorawa ne. Hasken rana da filasha suna wajen 5500, inuwa kuma ta fi shuɗi, 7000 zuwa sama. Kyamara na iya gyara launi ɗaya, ba ta iya gyara biyu a lokaci guda, saboda haka a kashe fitilar ɗaki idan filasha ke aiki. A inda wutar lantarki ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, kamar Najeriya da Nijar, wasu fitilun LED da dogon ƙwai suna ƙyaftawa, sai a sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa.

Game da kayan aiki, gilashin gaban kyamara mai milimita 50 da buɗewar f/1.8, wato mai faffaɗar ƙofar shigar haske, yana cikin mafi araha kuma mafi kaifi. Shi da filasha ɗaya da za a iya cirewa daga kan kyamara, da laima da sandarta, sun fi sabuwar kyamara canza kamannin hoto.

Daga allo zuwa kati

Ƙorafin da aka fi ji shi ne hoto ya fita da duhu. Sau da yawa allon ne ya cika haske, mai gyara ya ga kamar hoton ya yi, alhali a dushe yake. Masu sana'a suna saita hasken allo tsakanin 80 da 120 a ma'aunin haske na kandela, suna kuma duba kati a hasken da ya yi kusa da na rana, Kelbin 5000. Kowace haɗuwar firinta da tawada da takarda tana da fayil ɗin launi nata, wanda ake kira furofayil ɗin ICC, da sunan ƙungiyar da aka kafa a 1993 don daidaita launi tsakanin na'urori. Masu yin takarda suna bayar da shi kyauta. Wuri ɗaya kawai za a bari ya sarrafa launi, ko manhajar gyara hoto ko ta firinta. Idan duka biyun suka sa hannu, fuska kan fito da ja mai ban haushi. Kafin a buga babban kati, a gwada ɗan yankin fuska a ƙaramar takarda.

Kula da firinta

Zama ne ke kashe firintar feshi. Tawada na bushewa a ƙofofin, musamman da zafin bazara da bushewar hunturu, sai a ga fararen layuka sun ratsa hoto. A buga shafin gwajin ƙofofi aƙalla sau ɗaya a mako. Wankin kan feshi yana shan tawada da yawa, yana kuma cika soson da ke tara dattinta a ciki, don haka idan an yi sau biyu bai buɗe ba, a bar ta ta kwana kafin a sake. A kashe ta da maɓallinta, domin a lokacin ne kan feshin ke komawa mazauninsa a rufe shi. Idan wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, kan yakan tsaya a buɗe, shi ya sa ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, yake da amfani a inda ake yawan sauyawa zuwa janareta. A lulluɓe ta saboda ƙura, a ajiye takarda a ledarta, kar kuma tawadar tanki ta sauka ƙasa da layin ƙarshe har iska ta shiga bututu.

Katin da ya fito yana bushewa a hannu nan take, amma launinsa bai gama zama ba. A ba shi kwana guda a shimfiɗe kafin a sa shi a firem, in ba haka ba tururin tawadar zai yi hazo a cikin gilashi. A rataye shi a bangon da rana ba ta duka, nesa da hayaƙin girki.