Garin kaboyi ba filin harbe-harbe ba ne

Duk wanda ya taso da kallon fim ɗin kaboyi ya ɗauka a Dodge City, jihar Kansas ta Amurka, ba a wayewar gari sai an bindige wani. Ko gidan tarihin garin, Boot Hill, yakan shirya wa baƙi wasan harbe-harbe lokacin zafi, don abin da suka zo gani ke nan.

Amma tun a shekarun 1870 hukumar garin ta hana yawo da bindiga. Makiyayi ya koro shanu daga Texas, sai ya ajiye tasa kafin ya shiga gari, in ya ƙi a ci shi tara. Masanin tarihi Robert Dykstra ya ƙirga kisan kai 15 kacal daga 1876 zuwa 1885.