Mene ne baƙin barkwanci, kuma me ya sa yake raba kan 'yan kallo?

Akwai nau'in fim da Turawa ke kira dark comedy, wato baƙin barkwanci. Barkwanci ne da ake ginawa a kan abin da a al'ada ba a dariya da shi: mutuwa, shaye-shaye, yaƙi, cuta, talauci, kashe kai. Marubucin Faransa André Breton ne ya yayata sunan da littafin da ya haɗa a 1940, amma abin ya girmi sunan da nisa. A fim, misalin da aka fi kawowa shi ne Dr. Strangelove na Stanley Kubrick a 1964, wanda ya sa mutane dariya kan yaƙin nukiliya a lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke zare wa juna ido.

Mutane da yawa suna ɗauka kowane fim mai ashar da batsa baƙin barkwanci ne. Ba haka ba ne. Batsa tana iya shiga ciki, tana iya rashin shiga. Abin da ke sa ya zama baƙi shi ne mai kallo ya yi dariya, sannan ya ji wani abu ya soke shi a zuciya saboda abin da ya yi wa dariyar.

Fim ɗin Bad Santa na 2003, wanda Terry Zwigoff ya ba da umarni, ya haɗa duka biyun, shi ya sa yake da kyau a yi misali da shi. Billy Bob Thornton ya fito a matsayin Willie, ɓarawo mashayi da ke sa jajayen kayan Baban Kirsimeti duk shekara a manyan kantuna, yara na hawa cinyarsa suna faɗin kyautar da suke so, shi kuwa yana warin giya yana zaginsu. Shi da abokinsa wada suna jiran daren Kirsimeti ne su fasa akwatin kuɗin kantin. Akwai wurin da ya yi fitsari a wando yana zaune kan kujerarsa. Ba mutumin da za ka so ya matso kusa da ɗanka ba ne.

Sai ga wani yaro mai ƙiba, mara wayo, wanda yaran unguwa ke cin zali. Ubansa na gidan yari, kakarsa ta rikice da tsufa. Yaron ya yarda wannan mashayin shi ne Baban Kirsimeti na gaskiya, ya kai shi gida, Willie kuma ya tare a gidan yana cin banza. Wata rana Willie ya shiga gareji ya kunna mota don hayaƙi ya kashe shi. Sai yaron ya zo ya same shi a wurin. Willie ya ɗaga kai ya ga idon yaron a kumbure, an doke shi. Ya fasa mutuwar, ya fita neman waɗanda suka yi dukan. Abin dariya ne ƙato ya je yana jibgar yara, abin tausayi ne kuma a ce wannan ne alheri na farko da ya taɓa yi wa wani. A nan kan 'yan kallo ke rabuwa.

Wasu sun ga cin mutuncin biki ne mai daraja a wurin Kiristoci da iyalansu, balle ma fim ɗin ya fito daga kamfanin Dimension, reshen Miramax, wanda a lokacin mallakin Disney ne, kamfanin da aka sani da fina-finan yara. Ina ganin ƙorafinsu yana da tushe, domin akwai ashar da yawa a ciki da ba ta ƙara wa labarin komai. An ba shi matakin R a Amurka, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sinima sai da babba, kuma ya cancanci hakan. Amma wasu da dama sun rungume shi, ya samu kusan dala miliyan 76 a duniya, aka kuma zaɓi Thornton cikin 'yan takarar lambar Golden Globe. Ko kafin fitowarsa ra'ayin 'yan kallo ya taɓa shi: bayan an haska wa wasu don gwaji, kamfanin ya ƙara wasu wurare masu sassauci, abin da bai yi wa Zwigoff daɗi ba, har ya fitar da fim ɗin yadda shi ya so a tsara shi a 2006.

Bahaushe bai rasa hanyar gane wannan ba. Idan tsohuwa ta rasu da shekaru masu yawa, jikoki sukan yi ta tsokana suna kwaikwayon tafiyarta da faɗanta, mutane na dariya a gidan makoki, ba wanda ke jin haushi, domin kowa ya san ƙauna ce a ƙarƙashin wasan. Baƙo ya gwada yin haka ya ga yadda za a kwashe da shi. Mai kallo ma haka yake auna fim: yana yafe muguwar magana idan ya ga wanda ya tsara labarin yana tausayin mutanen da ke ciki, ba ya mayar da yaron abin wulaƙanci kawai.

A 2016 aka fitar da kashi na biyu da wani darakta daban, Mark Waters. Thornton ya dawo, yaron ya dawo ya girma, aka ƙaro Kathy Bates a matsayin uwar Willie, ashar da batsa suka ƙaru. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, kuɗin da ya samu kuma bai kai rabin na farkon ba.