Dokar girman sojojin roba a wasan yaƙin tebur: kafin ka kashe riyal ɗinka

Samarin mu na Jidda da suka fara shiga wasan nan na jera ƙananan sojoji a tebur ana gwabzawa da ɗan ludo da tef ɗin awo, kusan duk rigimarsu a wuri ɗaya take, wani ya sayo sojoji masu milimita 28 wani ya zo da masu 15, an haɗu a istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, daren Alhamis kuma kowa na cewa nashi ne daidai.

Lambar nan tsayin soja ce, amma kamfanoni ba su ma yarda da inda ake tsayawa ba, wasu daga tafin ƙafa zuwa ido suke aunawa saboda hula na ɓoye kai, wasu har ƙoƙon kai. Shi ya sa 28 ɗin wani kamfani sai ka ga ya fi na wani ƙiba da tsawo. A ƙiyasi 28 na kusa da 1/56 na mutum, 15 kuma wajen 1/100, ita ce wasan da ake kira Flames of War ke amfani da ita.

To amma doka ba ruwanta sosai da tsayin. Abin da take kallo gindin da aka manna sojan a kai ne. A DBA, wata dokar wasan yaƙoƙin zamanin dā wadda ta fito a 1990, kowace runduna gindi 12 ce, faɗin gindi milimita 40 in sojojinka 15 ne, 60 in manya ne. In faɗin ya zo ɗaya, ko naka ya fi nawa kyan fenti, wasa ya yiwu. In bai zo ɗaya ba layinka zai zarce nawa ka riƙa samun sarar da ba ka cancanta ba, nan ake fara ɗaga murya.

Sai doka ta biyu, soja ɗaya mutum nawa yake wakilta. A wasan Bolt Action ɗaya ɗaya ne, ƙaramin artabu ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Amma ka ce za ka buga yaƙin Karari na 2 ga Satumba 1898 a bayan Omdurman ta ƙasar Sudan, inda Ansar, mayaƙan Khalifa Abdullahi magajin Mahdi, wajen dubu 50 suka fuskanci Kitchener, kwamandan Ingila, ai ko masallacin unguwa aka ba ka ba zai ɗauke su ba. Dole a ce ɗaya na tsaye a madadin 100, kuma ko a haka sojoji 500 za ka yi wa fenti, jibba, rigar Ansar, da facinta ɗaya bayan ɗaya da buroshi mai bakin allura. Nan ne masu milimita 6 ke cin riba, ni dai a manyan yaƙoƙi su nake ganin hankali.

Awon ƙasa kuma kar ka wahalar da kanka neman gaskiya a ciki. Bindiga a Bolt Action inci 24 take kaiwa, in ka lissafa da 1/56 bai wuce mita 34 ba, alhali bindigar gaske ɗaruruwan mitoci take ci. Da gangan aka matse, don tebur ƙafa 6 da 4 ne kawai.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da mutum-mutumi ba, ya tambayi malaminsa, amma wasan bai dogara da su ba. Wasan yaƙi na Kriegsspiel da sojojin Furusiya, wata tsohuwar masarautar Jamus, suka karɓa a 1824 da ƴan ƙananan tubala ja da shuɗi ake yinsa a kan taswira. Yanka kwali daidai faɗin gindin da dokarku ta ce, rubuta sunan runduna a kai, yalla a fara.