Kuɓucewar ƙaramin jirgin sama daga titi lokacin sauka

Kuɓucewar jirgi lokacin sauka na faruwa ne idan ƙaramin jirgi ya taɓa ƙasa, sannan hancinsa ya karkace hagu ko dama, matuƙi ya kasa miƙar da shi. Wani lokaci jirgin yakan gangara cikin ciyawar gefen titi, wani lokaci kuma ya yi juyi a wuri guda, ƙarshen fiffike ya goge ƙasa, farfela ta lanƙwashe, ko ƙafar taya ɗaya ta jirgin ta karye. Ba kasafai ake rasa rai ba, amma asarar tana da yawa, kuma Hukumar NTSB ta Amurka, mai binciken haɗurran sufuri, tana yawan rubuta irin wannan haɗari.

Tushen matsalar yana cikin ƙirar jirgin. Jiragen da ke da ƙaramar taya a wutsiya, irin su Piper J-3 Cub da aka fara ƙerawa a 1938, nauyinsu yana bayan manyan tayoyin gaba. Da zarar hanci ya ɗan karkace, nauyin baya sai ya nemi zagayowa gaba, karkacewar ta ƙaru da kanta, kamar motar da aka danƙara wa kaya a baya ta shiga kwana da gudu. Shi ya sa tun 15 ga Afrilu 1991 hukumar FAA, mai kula da sufurin jiragen sama a Amurka, ta wajabta wa sabon matuƙin irin wannan jirgi horo na musamman da sa hannun malami. Cessna 172, wanda ya fito a 1956 da taya a ƙarƙashin hanci, ya fi sauƙin riƙewa, sai dai idan matuƙi ya sauka da gudu ya danna tayar hanci da ƙarfi, shi ma yakan kauce.

Iskar gefe ita ce babbar mai tunzura jirgin. Tana bugun allon da ke tsaye a wutsiya, ta juya hanci zuwa inda take fitowa. Matuƙi yana mayar da shi da ƙafa, ta hanyar takun da ke motsa ɓangaren baya na wannan allo, amma yayin da gudu ke raguwa iskar da ke bi ta kan allon tana raunana, don haka dole taku ya ƙara zurfi. Nan ne mutane da yawa ke sakin jiki, suna ganin an riga an sauka. A ganin masu koyarwa, sauka ba ta ƙare ba sai jirgi ya tsaya cak. Iskar gefe mafi ƙarfi da aka gwada Cessna 172 da ita tana kusan kilomita 28 a sa'a.

Taka birki ɗaya da ƙarfi, tayar da ta fashe, ko titi mai jiƙa, duk suna iya jawo kuɓucewar. Idan jirgi ya yi tsalle ko ya fara zamewa tun yana da gudu, abin da ake koya wa ɗalibi shi ne ya ƙara wuta ya tashi, ya sake zagayowa.