Tsatsa ba ta nuna wuƙa ta banza ce

Tun muna yara a Katsina muke jin cewa wuƙar da ta yi tsatsa ƙarfenta bai da kyau. Ba haka abin yake ba. Maƙera da yawa da tsohon sifirin mota suke ƙira, ƙarfe mai kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi. In ya yi jawur aka tsoma shi a mai ko ruwa, sai ya yi tauri ya riƙe kaifi, amma laima na sa shi tsatsa. Wuƙar da ba ta tsatsa wani ƙarfe mai suna kuromiyam ke cikinta, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, kuma maganin tsatsa ne, ba na dakushewa ba.

Goga magagari a bakin wuƙar: in ya zame ta yi tauri, in ya ci ƙarfen, mai laushi ce. Baƙar wuƙa, wato mai yin tsatsa, a goge ta, a shafa man gyaɗa.

A tura wa 'yan'uwa su gani.