Waiwaye: yadda sauya sheƙar 'yan ƙwallon jami'a ya zama abin faɗa a Amurka

Wanda bai san ƙwallon Amurka ba, wato wannan ta hular kwano da ake bangaje juna, da wuya ya gane yadda mutanen can suka ɗauki ƙungiyar jami'arsu, filin Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 100,000, kaka da jika duk riga ɗaya. Shi ya sa in yaro ya ce zai tafi abin ke musu ciwo.

Da can tafiyar ba sauƙi. Sai koci ya yarda, yana ma iya hana ka zuwa makaranta kaza, in ka je kuma ka zauna shekara guda ba wasa, alhali shi kocin ana yi masa tayi mai tsoka yau gobe ya tattara nasa ya nasa. A Oktoban 2018 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta buɗe rumbun da ɗan wasa zai sa sunansa in yana son tafiya, a 2021 aka cire zaman shekarar ga sauyin farko, a Yulin shekarar kuma aka halatta musu samun kuɗi da sunansu. Shikenan kasuwa ta buɗe.

Amma fa ba kowa ake zagi ba. Jalen Hurts na jami'ar Alabama an ajiye shi a benci ana tsakiyar wasan ƙarshe na cin kofin ƙasa a Janairun 2018, ya haƙura ya ƙara shekara a Alabama a bayan Tua Tagovailoa wanda ya maye gurbinsa, da ya koma Oklahoma a 2019 fatan alheri suka bi shi da shi. Su Oklahoma ɗin da suka karɓe shi da murna, da Caleb Williams ya bi kocinsu Lincoln Riley zuwa jami'ar USC ta California a 2022 sai ga su suna kukan cin amana, ni dai abin dariya ya ba ni.

Na Nico Iamaleava ya fi zafi. A Afrilun 2025 ya ƙi zuwa atisaye a Tennessee ana ta maganar ƙarin kuɗi yake nema, koci Josh Heupel ya ce ba wanda ya fi ƙungiya, yaro ya tafi jami'ar UCLA ta Los Angeles. Tennessee ta ɗauko Joey Aguilar daga can UCLA ɗin, ita kuma UCLA ta sha kashi a wasanninta huɗu na farko, 'yan Tennessee kuwa ba su bar Iamaleava ya sarara a soshiyal midiya ba.